Da Wane Mudu Ake Auna Samanja?

Kusan duk ƙarshen shekara jaridunmu sukan cika shafukansu da sunayen hafsoshin da aka ƙara wa girma zuwa muƙamin Birgediya Janar da Manjo Janar, a buga hotunansu ana liƙa masu anini, 'yan uwa da abokan arziki kuma su sayi fili a jarida domin taya murna. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai akwai wani ƙarin girman da ake yi a cikin barikoki ba tare da kowa ya ji ɗuriyarsa ba, wanda a ganina ya fi shafar rayuwar ɗan talakan da ke riƙe da bindiga a bakin daga, wato ɗaga Sitaf Saje zuwa muƙamin Waranti Ofisa, mutumin da Bahaushe ya fi sani da samanja. Tambayar da nake son mu tattauna a yau ita ce, da wane mudu ake auna mutumin nan, kuma shin an yarda ya ga mudun da idonsa?

Ga mai karatun da bai saba da harkar bariki ba, bari mu fara da tsanin kansa. Yaro yakan shiga soja yana kurtu, a horar da shi a makarantar kuratan soja ta Zariya wadda aka kafa tun 1924, ya fito yana farabiti. Daga nan sai igiya ɗaya ta Las Kofur, igiya biyu ta Kofur, igiya uku ta Saje, sannan Sitaf Saje. A saman wannan ne ake samun matakai uku na ƙarshe a Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya: Waranti Ofisa, Masta Waranti Ofisa, da kuma Waranti Ofisa na Runduna, wanda shi ne ƙololuwar abin da soja zai kai in bai tsallaka zuwa sahun hafsoshi ba. Daga cikin masu waɗannan muƙamai ake naɗa samanjan kamfani da samanjan bataliya. Su ne masu tsare ladabi da ƙa'idar fareti, su suka san wanda bai ci abinci ba, da wanda matarsa ta haihu, da wanda tsoro ya fara kama shi. Hafsa yana ba da umarni, amma ta bakin samanja umarnin ke isa kunnen farabiti, kuma ta bakinsa kukan farabiti ke hawa zuwa teburin kwamanda.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, kalmar samanja kanta tana ba ni labari. Ita da kofur da saje da hafsa da bariki da fareti duk aro ne daga Ingilishi, amma sun daɗe da zama 'yan gida, domin alaƙar Hausa da aikin soja na zamani ta girmi Nijeriya. A 1863 ne John Glover ya haɗa ƙaramar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas, kuma daga ita sojan ƙasar nan ke ƙirga tarihinsa. Bayan da Lugard ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce ta zama harshen bariki, har ana bukatar hafsoshin Turawa su koye ta, kafin Ingilishi ya ture ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani, samanja shi ne iyakar inda baƙar fata zai kai. Chari Maigumeri, mutumin Borno wanda sunansa ke kan barikin Lokoja a yau, ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu, ya kai samanjan bataliya, ya je Habasha da Bama, sai da ya zo ajiye aiki a 1953 aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Hafsoshin farko 'yan ƙasa, irin su Wellington Bassey da Aguiyi Ironsi da Samuel Ademulegun waɗanda aka ba muƙami a 1949, duk daga sahun ƙananan sojoji suka taso. Ko a fagen nishaɗi, marigayi Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne kuma ya rasu a 2023, da sunan Samanja ya shiga kowane gida a Arewa. Ashe muƙamin da muke magana a kansa ba baƙo ba ne a wurinmu.

Me ya sa na ɗauko zancen daga Daura? Domin Daura ta yau garin bariki ce. A 2017 Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya buɗe sansanin soja a garin, wanda daga baya ya zama Bataliya ta 171, a 2019 kuma aka buɗe asibitin sojan sama. Masarautar mai ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma duk wanda ya bi ta Kongolam ya san yadda mutane da kaya ke kaiwa da komowa dare da rana. Ba mu manta da cewa a watan Mayu na 2019 an sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa ba, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Ba mu manta da ɗaruruwan ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Sojan da ke tsaye a shingen hanyar Zango ko ta Baure, wanda zai yanke hukunci cikin daƙiƙa kaɗan ko ya ɗaga bindiga ko ya sauke, tarbiyyar samanjansa ce a jikinsa. Idan samanjan mutumin kirki ne da ya cancanci muƙaminsa, direba da ɗan kasuwa za su gani a shingen. Idan kuma ta bayan gida ya hau, nan ma za su gani. Bugu da ƙari, 'ya'yanmu ne ke cike takardun shiga soja a kowace shekara, kuma akasarinsu a kan wannan tsani za su ƙare aikinsu na shekara 35, fanshonsu kuma ya dogara ga matakin da suka tsaya.

To, me ake dubawa kafin a ɗaga Sitaf Saje? A Nijeriya, kamar sauran rundunonin da suka gaji tsarin Ingila, awon ya ƙunshi abubuwa sanannu: shekarun da mutum ya yi a aiki da a kan muƙaminsa, kwasa-kwasan da ya halarta, jarrabawar ƙarin girma ta rubutu da ta aiki a fili, rahoton shekara da na gaba da shi ke rubutawa, lafiyar jiki, tsabtar fayil daga laifuffuka, da kuma samuwar gurbi. Akwai Rundunar Horarwa da Tsara Aƙida a Minna mai kula da harkar horo da jarrabawa, akwai makarantar Waranti Ofisoshi a Jaji, akwai kuma kundin sharuɗɗan aikin soja da aka sabunta a 2017 da 2024. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan ma'aunai ba su da ma'ana. Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin da aka ba kowannensu, da harshen da ake auna su da shi, da kuma ko wanda aka auna yana da damar ganin sakamakon dalla-dalla.

Mu fara da jarrabawa. Masana gwajin harshe suna da wata ƙa'ida mai sauƙin faɗi: kowace jarrabawa dole ta auna abin da ta ce tana aunawa. Idan ka rubuta tambaya kan yadda ake tsara kwanton ɓauna cikin Ingilishi mai sarƙaƙiya, ka miƙa wa mutum biyu, ɗaya ya yi makaranta mai kyau a birni, ɗayan ya yi firamare a ƙarƙashin itace, to abu biyu kake aunawa a lokaci guda, sanin dabarun yaƙi da sanin Ingilishi, alhali maki ɗaya za ka rubuta. Wanda ya faɗi ba za ka taɓa sanin a wanne daga cikin biyun ya faɗi ba. Ba ina cewa samanja ba ya bukatar Ingilishi ba. Yana bukatarsa matuƙa, domin zai rubuta rahoto, ya tsara jadawalin gadi, ya karanta umarni, ya yi aiki da sojojin wasu ƙasashe. Abin da nake cewa shi ne a ware gwajin Ingilishi daban, a kan irin Ingilishin da aikin ke bukata, a ba shi makinsa. Sanin taswira da sarrafa makami da jagorancin mutane kuwa, a auna su a fili, inda gani ya kori ji.

Na biyu, rahoton shekara. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma a jami'a ko a ma'aikata ya san cutar da ke kama irin wannan rahoto. Kalmomin yabo sukan kumbura har su rasa ma'ana. Kowa mai ƙwazo ne, kowa mai biyayya ne, kowa abin dogaro ne. Idan mutum ɗari duk an siffanta su da siffa ɗaya, siffar ta daina rarrabewa, sai kwamiti ya koma neman wata alama, kuma a nan ne sanayya ke samun ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma bambancin alƙalami: wani kwamanda mai rowar maki ne, wani mai kyauta ne, sai sojan da ya fi ƙwazo a hannun marowaci ya zo bayan raggo a hannun mai kyauta. Tarihin baka na Daura ya daɗe da ba mu maganin wannan. Da aka wayi gari an kashe macijin rijiyar Kusugu, mutane da yawa sun ce su suka kashe, amma Magajiya Daurama ba ta nemi a yaba mata jaruntar kowa ba. Kan macijin ta nema, wanda ya dace da gangar jikin. Rahoton shekara ma haka ya kamata ya zama: duk siffar da aka rubuta a biyo ta da aiki, da rana, da wuri. Sannan a riƙa kwatanta makin da kowane kwamanda ke bayarwa da matsakaicin abin da ya saba bayarwa, domin a daidaita alƙalumman.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne bambancin da ke tsakanin sojan daga da sojan hedikwata. Tun daga 2009 ƙasar nan take cikin yaƙi a Arewa maso Gabas, daga baya kuma wutar ta kama Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. Duk tsarin da ke ba kwas da takardar shaida maki mai yawa, ba tare da gyara ba, zai fifita wanda ke zaune kusa da ofis, mai jin labarin kwas da wuri, mai wutar lantarki da lokacin karatu, a kan wanda ya kwashe watanni a dajin Sambisa ko na Rugu. Ba sai wani ya yi mugunta ba, lissafin da kansa zai haifar da zalunci. Saboda haka ya wajaba kowane wata da soja ya yi a fagen fama ya zama yana da maki rubutacce, kuma duk wanda kwas ko jarrabawa ta wuce shi saboda yana bakin aiki a ba shi gurbi na farko idan ya dawo, a kuma mayar masa da matsayinsa a cikin sa'o'insa.

Na huɗu, harsunan gida. A Nuwambar 2017 Rundunar Sojan Ƙasa ta ba da sanarwar cewa kowane hafsa da soja ya koyi Hausa da Yarabanci da Ibo kafin Disambar 2018, tare da alƙawarin alawus ga wanda ya ƙware. Manufa ce mai kyau, amma ɗan Adam abin da ake ba maki yake koya. Sitaf Saje ɗan Inugu da ya iya Hausa har yana gane bambancin maganar Badauri da ta Bazamfare, ko Bakatsinen da ya iya Fulatanci ko Barbarci, yana da makamin da ya fi wata bindigar amfani, domin shi ne zai zauna da mai unguwa da makiyayi da 'yan kasuwar Mai'aduwa ya ji abin da ba a faɗa wa baƙo. Sojan Kanada na ba iya harshe na biyu, tsakanin Ingilishi da Faransanci, nauyi a lissafin ƙarin girma. Sojan Amurka ma na ba da maki ga wanda ya ci gwajin wani harshe. Mu da muke da ɗaruruwan harsuna, kuma muke yaƙi a cikin garuruwanmu, mun fi su bukatar hakan.

Tunda an ambaci Amurka, akwai darasi ɗaya da ya kamata mu ɗauka daga can, ko da yake muƙamin Waranti Ofisa a wurinsu wani sahu ne dabam na ƙwararru da ake nema da takarda, kwamiti ya zaɓa. A matakin Saje da Sitaf Saje, sojan ƙasa na Amurka yana da lissafi mai maki 800, an raba shi tsakanin horon soja, lambobin yabo, karatun soja da karatun farar hula, kuma kowane wata ana fitar da makin da ake bukata a kowane fannin aiki. Soja yana iya zama da fensir ya lissafa nasa, ya san abin da ya rage masa. A 2020 kuma suka cire hotuna daga fayilolin da ake kai wa kwamitocin ƙarin girma, domin rage tasirin launin fata a zukatan masu zaɓe. Ba na cewa mu kwafo alƙalumansu. Abin koyi shi ne cewa mudun a fili yake, mai saye da mai sayarwa duk suna kallonsa, kamar yadda babu mai yarda a auna masa gero a bayan rumfa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Za su ce jarunta da amana ba sa shiga lissafi, kuma da zarar an bayyana maki mutane za su koma farautar maki su bar aiki. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a cire hukuncin kwamanda ba. A bar masa kasonsa, amma a san girman kason, kuma ya rubuta dalili. Za su ce soja gidan sirri ne da biyayya, ba majalisa ba. Amma makin da mutum ya ci a jarrabawarsa ba sirrin tsaro ba ne, kuma Dokar Rundunonin Soja da kanta ta ba ƙaramin soja 'yancin kai kuka idan yana ganin an zalunce shi. Ta yaya zai kai kuka a kan abin da bai gani ba? Biyayyar da ke ɗorewa ita ce ta wanda ya yarda cewa ana yi masa adalci. A Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji sun buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu, har kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba, kafin a sassauta shi zuwa ɗauri. Ba ƙarin girma ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna abin da ke faruwa idan gadar da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji ta karye. Samanja shi ne gadar, kuma ba zai iya ɗaukar nauyin ba sai na ƙasa da shi sun yarda cewa da guminsa ya hau.

Hujja ta uku ta fi shafar mu 'yan Arewa. Wasu na tsoron cewa idan aka bar cancanta tsagwaronta, 'ya'yanmu za su koma baya saboda raunin makarantunmu, don haka gara a bar abin a duhu. Sashe na 217 na Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya tanadi cewa hafsoshi da sauran sojoji su kasance sun wakilci sassan ƙasa, kuma a ƙofar shiga ake tabbatar da wannan. Amma bayan an shiga, duhu ba ya taimakon ɗan talakan Sandamu, mai uwa a gindin murhu yake taimako, ko daga ina ya fito. Awon da ya raba Ingilishi da aikin soja, ya ba fagen fama da harshe makinsu, shi ne zai fito da 'ya'yanmu da suka cancanta ba tare da sun durƙusa wa kowa ba.

A taƙaice, ga abin da nake kira a yi. Hedikwatar Soja ta buga ma'aunin da nauyin kowane sashe a ɗan littafi, cikin Ingilishi mai sauƙi da manyan harsunan ƙasa, a raba wa kowane Kofur. Duk wanda ya shiga awo a ba shi takardar makinsa sashe-sashe tare da makin da aka tsaya a kai a shekarar. A buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamiti da bai ƙunshi wanda ya rubuta rahoton ba. Kwamitocin soja na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, waɗanda 'yan majalisarmu na Katsina ke da bakin magana a gabansu, su riƙa neman bayanin shekara kan yawan waɗanda suka cancanta, da waɗanda aka ɗaga, da waɗanda suka daɗe a wuri ɗaya da dalilin daɗewar.

Mu ma 'yan boko akwai namu aikin. Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga kuma bataliya a gefe. Babu abin da zai hana waɗannan makarantu su zauna da hukumomin bariki su tsara azuzuwan yamma na Ingilishin aiki da rubuta rahoto da lissafi da kwamfuta ga ƙananan sojoji, da kuma darasin Hausa da Fulatanci ga waɗanda aka turo daga Kudu. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba, malamai kuma muna nan. Mun daɗe muna auna darajar soja da yawan janarorin da garinmu ya haifa. Lokaci ya yi da za mu tambayi yadda ake zaɓen mutumin da ke tsaye kusa da ɗanmu a cikin rami idan harsashi ya fara tashi. Allah Ya kare sojojinmu, Ya ba shugabanninsu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.